Soja Ya Koma Bariki, Kantoma Ya Zauna

A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, a nan kuma aka naɗa shi hakimi a 1934. Wurno kuwa ribaɗin kakan mahaifinsa ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu can a 1837. Yankin Sakkwato ya daɗe da sanin mulki, amma mulkin naɗi: na sama ya ɗora, na ƙasa ya kawo caffa.

Soja sun tarar da wannan al'ada, suka cire mata ladabi suka bar umarni. A zamanin Babangida aka naɗa Ibrahim Dasuki Sarkin Musulmi a 1988, har tarzoma ta tashi a Sakkwato. Abacha ya tuɓe shi a 1996. In rawanin Sarkin Musulmi bai tsira ba, ina ga na hakimin Goronyo?

Da farar hula suka karɓi mulki a 1999, akwatin zaɓe ya dawo, sai dai gwamna ya gaji kujerar soja har da sandarta. Shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, kuɗin ƙananan hukumomi kuma ta asusun haɗin gwiwa suke bi. Don haka ciyaman ya san wanda zai gaisar da safe, kuma ba manomin albasar Wurno ba ne. Sunansa zaɓaɓɓe, tafiyarsa ta kantoma. Sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a shekarar da Gwamna Ahmed Aliyu ya sauke hakimai 15.

Ranar tashin hankali ake ganin illar. Da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 suka kashe mutane da dama, wa talaka zai riƙe? Ciyaman ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, umarnin 'yan sanda daga Abuja yake fitowa.

Amma kada a raina mai ƙuri'a. A 2007 Gwamna Bafarawa ya tsayar da magaji, tsohon mataimakinsa Wamakko ya kayar da magajin. A 2023 ma jam'iyyar Gwamna Tambuwal ta rasa gidan gwamnati. Sakkwatawa sun iya sauya ubangida. Neman ubangidan ne dai har yau ba su bari ba, domin taki da aiki da rijiyar burtsatse duk ta hannunsa suke zuwa.