Yaƙin da ba a jin ƙararsa: Haɗa murjani mai laushi da mai tauri a tanki ɗaya

Idan aka ambaci murjani, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne jan dutsen adon da mata ke ratayawa a wuya. Sai dai murjani ba dutse ba ne tun asali. Ƙananan dabbobin teku ne da ke zaune a cunkushe wuri ɗaya, kuma a Turai da Amurka da Asiya akwai masu kiwon su da ransu a cikin tankunan gilashi a ɗakunansu. Burin da yawa daga cikinsu shi ne su haɗa manyan nau'o'in biyu, mai laushi da mai tauri, a tanki guda. Abu ne mai yiwuwa, amma ba ya zuwa da sauƙi, domin maƙwabtan nan biyu ba sa ga maciji da juna.

Murjani mai tauri yana gina wa kansa ƙashi da sinadarin kalsiyam da yake zuƙa daga ruwa, kuma irin wannan ƙashin ne ke taruwa ya zama tsaunukan ƙarƙashin teku. Mai laushi ba ya gina irin wannan ƙashi, shi ya sa yake rangaji idan ruwa ya kaɗa shi. Yawancin waɗanda ake kiwo daga ɓangarorin biyu suna ɗauke da wata gansakuka a jikinsu, wadda ke sarrafa haske ta samar musu da abinci. Ke nan haske da wurin zama su ne abin da ake rigima a kai.

Kowane ɓangare da makaminsa. Masu laushi irin su Sarcophyton da Sinularia suna sakin sinadarai a ruwa da ke danne girman masu tauri. A teku igiyar ruwa na kwashe su, amma a tanki ba su da wurin zuwa, sai su taru. Masu tauri irin su Galaxea da Euphyllia kuwa suna miƙa dogayen zaruruwa masu harbi, galibi da dare, su ƙone duk maƙwabcin da suka taɓa. Akwai kuma masu cin iyaka kamar Xenia, wadda ke yaɗuwa a kan duwatsu har ta rufe wa wasu haske.

Saboda haka dabara ta farko ita ce tazara. Ana ɗora masu tauri masu son haske da ƙarfin ruwa, kamar Acropora, a saman duwatsu, a bar masu laushi a ƙasa. Masu saurin yaɗuwa ana ware musu dutsensu a tsakiyar yashi. Kuma ana auna tazarar ne da girman da murjanin zai kai nan gaba, ba girman da yake da shi ranar da aka sayo shi ba.

Dabara ta biyu ita ce tsaftar ruwa. Ana tace shi da wani gawayi na musamman da ke kama sinadarai, a haɗa da na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, sannan a riƙa canza kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ɗaya ko biyu. Wannan na'ura da duwatsun teku su ne ginshiƙin tsarin da masu kiwo a birnin Berlin na Jamus suka yi suna da shi, inda a shekarun 1980 aka yi nasarar raya Acropora a tankin gida.

Ta uku ita ce daidaito. Masu kiwo na riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kalsiyam kuma miligiram 400 zuwa 450 a lita. Mai laushi yakan jure ɗan sauyi, amma Acropora ba ya yafewa. Idan zafi ya yi yawa, murjani na korar gansakukar jikinsa ya koma fari fat, irin abin da ya sa hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa duniya ta shiga zagaye na huɗu na wannan annoba a tekuna. Duk mai sha'awar kiwon a wuri mai zafi da ƙarancin lantarki dole ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da wutar ko-ta-kwana, domin tsayawar famfo na 'yan sa'o'i na iya kashe abin da aka yi shekaru ana reno.

Haɗarin bai tsaya a kan murjani kaɗai ba. Wasu nau'o'in Palythoa da ake sayarwa tare da masu laushi na ɗauke da guba mai tsanani, wadda a 2018 ta kai mutane da dama asibiti a yankin Oxfordshire na Ingila bayan an wanke dutsen tanki a cikin gida. Shi ya sa ake sa safar hannu da tabarau, kuma ba a zuba wa duwatsun tafasasshen ruwa.

Akwai kuma batun doka. Cinikin murjani mai tauri tsakanin ƙasashe na buƙatar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kuma Indonesiya ta dakatar da fitar da murjani a 2018 kafin ta dawo da sayar da wanda aka noma a 2020. Sayen reshen da aka raya a gona ko a tankin wani mai kiwo ya fi sauƙin rayuwa, kuma yana rage wa teku ɓarna.

Shawarar da gogaggun masu kiwo suka fi bai wa sabon shiga ita ce ya fara da masu laushi kaɗan, ya bar tankin ya yi watanni ya daidaita, sannan ya shigo da masu tauri ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa da fitila da dare don ganin wa ke harbin wa.