Kilen intanet mai fuska biyu: a san wadda ake saye kafin a biya

Tun shekara ta 2011, da aka yanke gundumar Tibiri daga jikin ta Dogon Dutsi, birorin gwamnati sun ƙaru a ƙasar Arewa, kuma babu biron da ba a jiran rahotonsa a Doso ko a Yamai. Daga Matankari zuwa Gesheme, daga Dankasari zuwa Kore Mairuwa, wayar tarho ta ƙasa ba ta taɓa wadatar da jama'a ba. Shi ya sa ƴar na'urar nan mai tsawon yatsa, wadda ake soka wa kwamfuta kuma kowa ke kira kile, ta zama hanyar da ma'aikata da ƴan kasuwa da dama suka fara shiga intanet da ita. Yau wayoyin hannu na zamani sun ƙwace mata kasuwa, tun da su ma suna raba intanet. Amma kile ba ta mutu ba, kuma akwai aikin da har yanzu ita ce ta fi dacewa da shi, in dai an san halinta.

Abin da ke cikin kile tarho ne cikakke, sai dai ba shi da allo, ba shi da madannai. Yana da gurbin katin SIM, yana kama rezo kamar kowace salula. Inda magana take shi ne yadda yake gabatar da kansa ga kwamfuta.

Da farko ma wayo yake yi. In an soka sabuwar kile irin ta Huawei ko ZTE, sai ta nuna kanta kamar faifan CD, domin kwamfuta ta kwashi manhajar da ke cikinta ta girka. Bayan haka ne manhajar ke aika mata umarni ta tuɓe wannan riga ta fito a matsayin modem. A kwamfuta mai Windows abin yana wucewa ba a lura ba. A mai Linux kuwa, wani ƙaramin shiri ne da ake kira usb_modeswitch ke aika umarnin. In babu shi, kile za ta zauna a matsayin faifai har gobe, mai ita yana zagin kamfanin waya a banza.

Fuska ta farko ita ce tsohuwar hanya. A nan kwamfuta na ganin kile a matsayin modem mai ƙofofi da ake kira COM, tana yi mata magana da gajerun umarni masu farawa da haruffan AT, harshen da kamfanin Hayes na Amurka ya shigo da shi tun 1981. Kwamfuta ce ke buga lambar *99#, ita ce ke ba da sunan mashigar kamfanin waya, wato APN, ita ce kuma ke kashe layi. Tsofaffin kile irin su E1550 da E173 haka suke aiki. Wahalarsu ita ce sai an girka musu manhajar da ta dace, kuma in an zo kan rezon 4G wannan hanyar bugawa tana rage gudu.

Fuska ta biyu Huawei ya raɗa mata suna HiLink. Kile ce ke yin komai da kanta: tana buga layi, tana riƙe shi, sannan ta nuna wa kwamfuta kanta kamar an jona wayar rezo ta biro. Mai ita ya buɗe shafin 192.168.8.1 kawai, ya ga ƙarfin rezo da saƙonninsa. Ga sakataren da aikinsa aika takarda da karɓar amsa, wannan ta isa, har ta fi sauƙi.

To, me zai sa mutum ya nemi tsohuwar? Saƙon SMS ne dalili. Ba kowane manomi ko dillali ne a ƙauyukan Dallol Mawri ke riƙe da waya mai intanet ba, amma ƙaramar salula ta shiga ko'ina. Tun da Celtel ya buɗe rezo a Nijar a 2001, kamfanin da ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, labarin farashi ya daina jiran ranar kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Daga 2009 kuma shirin yaƙi da jahilci na ABC ya koya wa manya a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram karatu da lissafi ta hanyar salula. Ƙungiyar manoma da ke son aika farashin gero ko wake ga mambobi ɗari a lokaci ɗaya, ko ɗan kasuwar da ke son tuna wa masu bashi ranar biya, suna bukatar manhaja irin Gammu ko FrontlineSMS a kan kwamfuta. Waɗannan kuwa da harshen AT aka gina su, ta ƙofar COM suke shiga. A soka musu kile mai HiLink, ba za su gan ta ba sam, ko da fitilarta na ci, rezo cike. Haka lamarin yake ga wanda ke son kwamfuta ta riƙa buga lambobin tauraro da kanta don duba saura kuɗi.

Juya kile daga wannan fuska zuwa waccan yana yiwuwa, amma ba duka ne ke da sauƙi ba. Wasu tsofaffin HiLink, irin E303 da E3131, suna da ɓoyayyen shafi da ke buɗe ƙofofin COM na ɗan lokaci. Da an zare kile an mayar, ta koma yadda take. Wannan ba ya ɓata komai. Umarnin da ke zama daram a cikin na'urar, kamar AT^U2DIAG ko AT^SETPORT, shi ne ke son hattara, domin lamba ɗaya in ta kuskure tana iya rufe ƙofar da za a bi a gyara kuskuren. Mafi haɗari shi ne sake wa kile manhajarta ta ciki gaba ɗaya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, kuma mazauna Dogon Dutsi ba sai an ba su labarin ɗaukewar wuta ba, ko aka ɗora mata manhajar da ba tata ba, kile ta zama guntun roba. Gwanayen gyara kan buɗe murfi su taɓa wani ɗigo da allura don farfaɗo da ita, wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asara. Ga kayan gwamnati da aka rubuta a rajista, ma'aikaci mai hankali ba zai sa hannu a irin wannan caca ba; sayen kile ta biyu ya fi rubuta takardar bayani arha.

Akwai kuma matsalar da iyaka ke kawowa. Arewa na maƙwabtaka da jihohin Kabi da Sakkwato, kuma kaya na tsallakowa kullum. Kile mai tambarin wani kamfanin waya na Najeriya sau da yawa a kulle take, ba ta karɓar SIM na Airtel Nijar, ko Moov, ko Niger Telecom, ko Zamani da ya gaji Orange. Ana buɗe ta da lamba ta musamman, amma tsofaffin Huawei gwaji 10 kawai suke bayarwa, daga nan su kulle. Mutane kan haɗa wannan da batun fuska, alhali abu biyu ne daban: kile na iya zama a buɗe amma tana HiLink, ko tana da ƙofar COM amma a kulle.

Masu sayarwa ba kasafai suke faɗin wannan ba, wasu ma ba su sani ba. Kan samfurin E3372, wanda ke kama 4G, ana yawan cewa mai harafin h HiLink ce, mai harafin s kuma modem. Kada a dogara da haka. Lambar manhajar ciki ce ke raba gardama: in ta fara da 22, HiLink ce, in ta fara da 21, mai ƙofar COM ce. Wanda zai saya ya tafi da kwamfutarsa da SIM ɗinsa, a soka a gabansa, ya ga ko shafi ne ya buɗe ko ƙofofin COM ne suka bayyana, sannan ya ƙirga kuɗi.