Tsohuwar Bas, Sabon Gida

Yau shirin namu zai leƙa Amurka, inda wasu ke sayen tsohuwar bas ta dogon zango, irin lagzurin da ke tashi daga Kano zuwa Legas, su kwashe kujerunta kaf, su gina ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki.

Harkar ta daɗe. A watan Yulin 1963 iyalai 26 masu irin waɗannan motoci suka haɗu a Hinckley ta jihar Maine don kallon husufin rana, a nan ne kuma suka kafa ƙungiyar Family Motor Coach Association.

To wace bas za a saya? Mai madaidaicin ƙarfi yakan nemi MCI, musamman samfurin MC-9 da ya fito a 1978, domin kamfanin Greyhound ya yi aiki da ita sosai, kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Prevost, ƙirar Kanada, ta masu hannu da shuni ce, ita manyan mawaƙa ke yawon wasa da ita. Eagle kuwa tana da laushin tafiya, amma ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa.

Tsatsar nan ita ce maganar. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa wanda ya san kan harka ba ya tsayawa kallon fenti. Tocila yake ɗauka da sukundireba, ya buɗe but ɗin kaya ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bayan tayoyi, ya duba ƙarfen da inji ke zaune a kai, ya taɓa ƙasan tagogi inda ruwan sama ke kwanciya. Idan ya caka ƙarfe ya ga yana marmashewa, ciniki ya ƙare. Inji in ya mutu ana sauke shi a ɗora wani. Ƙashin mota in ya ruɓe, gyaransa kan ci kuɗin da ya fi na sayenta.

Sai inji. Tsofaffin Detroit Diesel irin 8V71 da 6V92 suna da juriya, sai dai suna yoyon baƙin mai, kuma makanikan da suka iya su suna raguwa. Series 60 da ya fito a 1987 ya fi su tattalin mai. Mai saye yakan nemi a tayar masa da injin yana sanyi, domin a lokacin hayaƙi ke tona asiri, sannan ya aika samfurin baƙin mai a gwada masa.

Tayoyi takwas ne a bas mai aksil uku. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin kowace taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya kan fashe ko da zanenta bai goge ba.

Bas mai faɗin inci 102 ta fi mai 96 sakewa, amma mai tsawon ƙafa 45 ba kowane sansanin shaƙatawa ke da wurin ajiye ta ba.

Duk mai wannan niyya, ya tafi da makanikin manyan motoci nasa na kansa, kuma kada ya biya ko sisi sai an shiga ƙarƙashinta an duba.