Tekken 6 a Wayar Android: Yadda Gem ɗin PSP Ya Samu Gindin Zama a Zakirai

Idan mutum ya biya ta shagunan cajin waya a Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa a jihar Kano, bayan sallar La'asar, da wuya ya rasa samari a kan benci sun kwantar da waya a hannu, manyan yatsunsu na ta bugun gilashi. Wasu ƙwallo suke bugawa, wasu kuma faɗa suke gwabzawa a Tekken 6. Abin lura shi ne ba domin waya aka yi wannan gem ɗin ba. Kamfanin Bandai Namco na Japan ya fitar da shi ne a kan PSP, ƙaramar na'urar gem ta kamfanin Sony, a ƙarshen shekarar 2009. Sony ya daina ƙera PSP tun 2014, amma gem ɗin bai mutu ba, ya koma yawo daga waya zuwa waya ta Xender.

Ba abin mamaki ba ne ya karɓu a karkara. Ba ya cin data, ba ya buƙatar sabis, kuma waya mai sauƙin kuɗi tana iya ɗaukarsa. Wanda ya dawo daga gona zai iya yin zagaye goma kafin a kira Magariba.

Yadda ake buga shi

Tsarin maɓallan Tekken mai sauƙin ganewa ne: maɓalli huɗu, kowanne da gaɓarsa. Mai murabba'i hannun hagu ne, mai kusurwa uku hannun dama, X ƙafar hagu, mai da'ira kuma ƙafar dama. Duka kala uku ne: na sama, na tsakiya da na ƙasa. Wanda ya tsaya ya ja baya yana tare na sama da na tsakiya, amma na ƙasa zai same shi. Wanda ya durƙusa yana tare na ƙasa, na sama ya wuce ta kansa, amma ya buɗe kansa ga na tsakiya. A nan dabarar take, domin babu tsayuwar da ke kare komai. Dole ɗan wasa ya karanci abokin karawarsa ya yi hasashen abin da zai jefo.

Tunda filin faɗan yana da zurfi, ana iya gocewa gefe duka ya wuce a banza. Akwai kuma dukan da ke cilla mutum sama, a ci gaba da jibgarsa kafin ya sauka. Tekken 6 ya ƙara abubuwa biyu a kan wannan. Na farko shi ne Bound, inda ake maka abokin karawa da ƙasa ya ɗan taso, a samu damar ƙara masa wasu. Na biyu shi ne Rage: idan jinin ɗan wasa ya kusa ƙarewa, dukansa yana ƙara nauyi. Shi ya sa wanda ya fara murna da wuri yakan sha kunya.

Sabon shiga yakan ɗauki Eddy Gordo, mai salon kafuwera na ƙasar Brazil, ya yi ta danna maɓallan ƙafa ba ƙaƙƙautawa. Wannan yana ci a ranar farko. Da zarar ya haɗu da wanda ya iya tarewa da ramawa, sai labari ya sha bamban.

Rigimar gidan Mishima

Labarin Tekken rikicin gida ɗaya ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Heihachi Mishima, mai katafaren kamfanin Mishima Zaibatsu, ya jefa ɗansa Kazuya daga kan dutse yana ɗan shekara 5. Yaron bai mutu ba, ya girma da ƙullin ramuwa da wani jinin shaiɗanci a jikinsa. A Tekken na farko, wanda ya fito a 1994, Kazuya ya doke mahaifinsa ya jefa shi daga kan dutse. A na biyu Heihachi ya dawo ya wurga Kazuya cikin dutse mai aman wuta. A na uku aka shigo da jika, Jin Kazama, wanda kakan ya rene shi sannan ya harbe shi.

A Tekken 6, Jin ne ke riƙe da Mishima Zaibatsu, kuma ya kunna wutar yaƙi a duniya baki ɗaya. Kazuya, wanda ke juya kamfanin G Corporation, ya sa lada a kan duk wanda ya kamo shi. Daga baya ake gane cewa Jin ya tada yaƙin ne domin ya farkar da wani dodo mai suna Azazel, ya kashe shi, ko jinin shaiɗancin ya ƙare da su duka. A wannan fitowar ce aka gabatar da Lars Alexandersson, wani ɗan Heihachi da ba a san da shi ba, da Alisa Bosconovitch, mutum-mutumi mai siffar budurwa.

Sai dai mai buga na PSP ba zai ga wannan labarin a jere ba. Sashen Scenario Campaign, wanda ke bin tafiyar Lars da Alisa a PlayStation 3 da Xbox 360, an cire shi. Abin da ya rage shi ne gajeren labarin kowane ɗan wasa da bidiyon ƙarshensa.

Yadda aka matse shi ya shiga aljihu

Tekken 6 ya fara ne a gidajen gem na Japan a 2007, ƙarƙashin jagorancin Katsuhiro Harada. Mayar da shi PSP ba ƙaramin aiki ba ne. PSP ta farko tana da RAM megabayit 32 kacal, gudun furosesonta bai wuce megahaz 333 ba, allonta kuma ɗigo 480 ne a kwance, 272 a tsaye. Wayar da ake kira mai araha a yau ta ninka ta sau da yawa.

Masu aikin sun rage kyan hoto, sun sauƙaƙa bayan fili, sun zubar da sashe guda na labari. Abin da suka ƙi taɓawa shi ne gudun faɗan: hoto 60 a kowace daƙiƙa. Dalili kuwa shi ne da waɗannan hotuna ake auna kowane motsi. Naushin hagu na yawancin 'yan wasa yana sauka a hoto na 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Idan gudun ya ragu, lissafin tarewa da ramawa ya rushe. Darasi ne ga duk mai koyon haɗa manhaja: ya san abin da zai iya sadaukarwa da abin da in ya taɓa aikin ya lalace.

PPSSPP, gadar da ta kawo shi waya

Manhajar da ke buɗe gem ɗin a Android ita ce PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a Nuwamban 2012. Kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son karantawa. Aikinta tafinta ne: furoseson PSP yana jin yaren MIPS, na waya yana jin ARM, ita kuma tana fassara umarnin nan take ana cikin wasa. Wannan fassarar ce ke sa waya ɗumi da shan caji.

Idan gem yana sarƙewa, gara a rage girman hoto zuwa 1x ko 2x da a kunna tsallaken hoto, domin tsallaken yana ɓata lokacin duka. Mutum biyu kuma za su iya karawa ta hotspot ba tare da data ba, in ɗaya ya kunna sabar da ke cikin manhajar.

Akwai abin kiyayewa. PPSSPP ba ta zuwa da gem, kuma Tekken 6 mallakar Bandai Namco ne. Hanyar da ta halatta ita ce mutum ya kwafo daga faifan da ya mallaka. Fayil ɗin gem na PSP yana ƙarewa da ISO ko CSO. Duk shafin da ya ce sai an sauke wata APK kafin ya buɗe, a guje shi, musamman a wayar da ke ɗauke da manhajar banki.

Ina ɗan dambe?

A cikin 'yan wasa kusan 40 na Tekken 6 akwai Hwoarang mai taikwando, da Steve Fox ɗan damben Turawa, da King ɗan kokawa. Babu ɗan damben gargajiya ko ɗaya, alhali dambe yana da duk abin da gem ke nema. Hannu ɗaya a naɗe shi ne mashi, ɗayan garkuwa. Turmi uku ake yi. Ga ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, ga kalangu da kirari, ga tarihin gwanaye irin su Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Ƙa'idar kisa ma ta isa ta bambanta shi: babu layin jini, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an gama. An taɓa gwada irin wannan tsari a Bushido Blade na 1997, inda sara ɗaya ke iya ƙare faɗa.

Kada a ce daga ƙauye ba a zuwa ko'ina. Kafin 2019 duniyar Tekken ba ta lissafa Pakistan. A shekarar ce Arslan Ash, wanda ya goge a ƙananan gidajen gem na Lahore, ya lashe gasar EVO ta Japan da ta Las Vegas a Amurka.

Kayan aikin ma sun sauko. Godot, manhajar haɗa gem ta kyauta, tana da nau'in da ke aiki a wayar Android. Mai farawa ba ya buƙatar zane mai kyau. Ya zana akwati biyu a allo, ya sa ɗaya ya kai naushi a hoto na 10, ɗayan ya iya tarewa, ya miƙa wa abokansa a shagon caji su gwada. In suka fara musu kan wanda ya ci, to ya kama hanya, sai ya ƙara mashi da garkuwa.