Shirin Musamman: Bangaskiyar Kirista a Bakin Mudu

Yau shirin namu zai yada zango a Dayi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, a wannan yanki na kudancin jihar Katsina da ya miƙa har Kafur da Bakori da Funtua, inda masara da dawa da auduga da waken suya suke riƙe da gidaje. Batunmu shi ne yadda Kirista Bahaushe yake riƙe addininsa daga Litinin zuwa Asabar, bayan an tashi daga sujada an rufe ƙofar majami'a. Matsayin shirin kuwa a fili yake. A wuri irin Dayi, inda Kirista tsiraru ne a tsakiyar dangi da maƙwabta Musulmi, babban wurin da ake auna bangaskiyar mutum shi ne bakin mudu, da lokacin sallamar ɗan ƙwadago, da ranar da wa'adin bashi ya cika.

Kafin mu kawo hujja, ya kamata mu san mutanen da muke magana a kansu. Da yawa daga Kiristan wannan yanki jikokin Maguzawa ne, Hausawan nan manoma da suka daɗe a kan addinin gargajiya a manyan gidajensu na gandu. Da zamani ya juya, wasu suka musulunta, wasu suka karɓi Kiristanci, shi ya sa za ka tarar da wa da ƙane, kaka ɗaya, wannan yana zuwa masallacin Juma'a, wancan yana zuwa majami'a ran Lahadi, gonakinsu kuma suna haɗa iyaka. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi ruwa ya yi tsaki a cikinsa. Ikilisiyar ECWA, wadda ta tsiro daga mishan ɗin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Limaman Katolika 'yan ƙungiyar Dominikan sun yi aiki mai tsawo a Malumfashi, a shekarar 2023 kuma Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato ya ba ta nata bishop, Gerald Mamman Musa, wanda ake ambatawa a matsayin Bahaushe na farko da ya hau wannan matsayi a ɗariƙar Katolika. Akwai wani abu a tarihin nan da ya shafi batunmu kai tsaye. Da farko gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce jinyar masu cutar kuturta, a wurare irin Babbar Ruga kusa da Katsina da Yadakunya a Kano. Mutane sun fara ganin hannun da ke wanke miki tun kafin su saurari wa'azi. Tun ran farko ke nan, da aiki aka san wannan addini a ƙasar Katsina.

To, mu dawo kasuwa. Maƙwabci Musulmi a Dayi ba zai shiga majami'a ya ji abin da fasto ya faɗa ba, ba kuma zai buɗe wasiƙun Bulus ya duba ba, haka ma Kirista ba ya zama a majalisin tafsiri. Abin da kowannensu ya sani game da addinin ɗan'uwansa, a mu'amala ya san shi. Mu'amalar manomi kuwa cike take da ƙofofin ha'inci waɗanda ba wanda bai san su ba. Akwai tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, ko wadda aka bubbuga gindinta ya shige ciki. Akwai buhun da aka zuba tsaba mai kyau a baki, tsakiyarsa tsakuwa da ƙaiƙayi. Akwai masarar da ba ta gama bushewa ba aka ɗinke ta, mai saye ya kai ta Dandume ko Dawanau ya tarar ta yi fumfuna. A harkar auduga, wadda ta ɗaga sunan Funtua tun zamanin da Turawa suka kafa injin gurza, an daɗe ana kuka da masu yayyafa ruwa ko zuba yashi don sikeli ya ƙara nauyi. Mafi muni shi ne barbaɗa maganin ƙwari mai guba a cikin wake don kada ya yi ƙwari, alhali mutum ya san yara ne za su ci. Kada a ɗauki wannan na ƙarshe wasa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Abin da aka yi a ɗakin ajiya na ƙauye, sai ga shi ya rufe wa ƙasa baki ɗaya kasuwa.

Abin lura shi ne, Littafin da Kiristan Dayi yake riƙe da shi ran Lahadi ya yi magana a kan waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, domin cikin manoma aka rubuta mafi yawansa. Littafin Firistoci, sura 19, ya wajabta sikeli da mudu na gaskiya, a surar nan dai ya hana mai gona ya share amfanin gonarsa tas, ya ce a bar gefe da abin da ya zuba domin matalauci da baƙo su yi kala. Maimaitawar Shari'a, sura 24, ta umarci a sallami ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aikin, kafin rana ta faɗi, domin da kuɗin nan ya dogara. Annabi Amos ya yi kaca-kaca da 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce don su koma su rage mudu, su sayar da sharar hatsi. Wasiƙar Yakubu kuma ta gargaɗi masu gonakin da suka danne haƙƙin waɗanda suka yi musu girbi. Wanda ya karanta waɗannan wurare da Hausa, ya ɗaga kai ya dubi kasuwar hatsi da kaka, ba ya buƙatar mai yi masa fashin baƙi. Saboda haka dattijon ikilisiya da ya kai dami goma gaban bagade ranar godiyar kaka, alhali yaran da suka karya masa masara suna ta sintiri ƙofar gidansa mako biyu, ya bar umarni bayyananne ya kama abin da jama'a za su gani su yaba.

Wani mai sauraro, musamman wanda ya tashi a ECWA ko Baptist, zai ce a dakata: ai ceto ta wurin alheri yake, ta wurin bangaskiya, ba da ayyuka ake sayensa ba, don me za a mai da addini lissafin mudu? Wannan magana tana da tushe, shirin nan kuma bai ce cika tiya zai kai kowa sama ba. Sai dai a ƙarasa karatun. Sura ta 2 ta wasiƙar Afisawa, inda aka ɗauko koyarwar alheri, ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba ta nuna cewa wanda aka cece shi an shirya shi ne domin kyawawan ayyuka. Aikin yana biyo bayan bangaskiya, shi ne kuma abin da ido ke iya gani daga cikinta. Allah ya san zuciya, amma matar da ta sayi mudu biyu na dawa don tuwon dare, abin da ke cikin ƙwaryarta kawai ta sani.

Akwai kuma mai cewa, to mene ne na Kirista a ciki? Ai Musulunci ma ya hana tauye mudu. Gaskiya ne, har sura guda ke akwai a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗin masu wannan hali, malamai kuma suna ta nanata ta. Wannan ƙarfafa hujjarmu yake yi. A kan Triniti ko gicciye, maƙwabtan biyu ba za su daidaita ba, kuma ba dole su daidaita kafin su zauna lafiya. A kan mudu kuwa ma'auninsu ɗaya ne, kowa yana iya yanke wa ɗan'uwansa hukunci da abin da shi ma ya yarda da shi. Sannan akwai wani nauyi da ke kan tsiraru wanda ba ya kan masu rinjaye. In mutum ɗaya daga cikin masu yawa ya yi algus, sunansa kawai ake kira. In ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ya yi, sai a ce halinsu ke nan. Ba adalci ba ne, amma haka duniya take tafiya da tsiraru a ko'ina, Musulmin da ke zaune a Inugu ko a Faransa ya san wannan sarai.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na halin da ake ciki. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin taki da sufuri da huɗa suka yi sama, a wasu sassan kudancin Katsina kuma 'yan bindiga sun hana noma gonaki masu nisa. Ikilisiya ma ta ɗanɗana: a watan Mayu na 2021 mahara sun afka wa majami'ar Katolika ta St. Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka yi awon gaba da Fada Joseph Keke, wanda daga baya aka sako shi. Mai wannan ƙorafi zai ce, a irin wannan lokaci mai gaskiya shi ke kwana da yunwa. Ba za mu ruɗi kowa ba, wanda ya ƙi jiƙa auduga zai rasa nauyin ruwan da wani ya karɓi kuɗinsa, wannan asara ce ta gaske. Amma kasuwar ƙauye ba ta baƙi ba ce, fuskokin nan ne dai kowane mako. Dillali ya san buhun da sai ya soke shi da wanda zai ɗora a mota ido rufe, mai shagon taki kuma ya san wanda zai ba bashi da damina ba tare da shaida ba. Amana jari ce da ake ci a shekarar wuya. Ko da ba ta biya ba ma, Kirista bai karɓi umarnin nan da sharaɗin sai in da riba ba. A nan ne kuma ya kamata a yi adalci game da ajiyar hatsi. Manomin da ya zuba masararsa a rumbu yana jiran farashi ya gyaru bai yi laifi ba, ai Yusufu ma ajiya ya yi a Masar. Inda laifi yake shi ne a ba maƙwabci buhu ɗaya a watan Agusta, lokacin da yunwa ta fi tsanani, da sharaɗin ya biya biyu da kaka. Wannan cin wuyar ɗan'uwa ne, ko mai yi yana jagorantar waƙa a majami'a.

Wasu kuma suna tsoron kada irin wannan koyarwa ta zama hanyar cewa Kirista ya yi shiru a kan haƙƙinsa. Hausawa Kirista sun daɗe suna kukan ana yi musu kallon bare a ƙasar kakanninsu, suna da ikon faɗar haka a gaban hakimi da gwamnati. Gaskiya a ciniki ba ta rufe wannan baki. Hasali ma wanda aka san shi da cika alkawari, in ya tashi magana a fada an fi sauraronsa, Musulmin da ya taɓa ba shi ajiya ya dawo masa da ita cif shi zai fara tsaya masa.

Kiranmu ga fastoci da limamai da masu bishara da dattawan ikilisiyoyin Dayi da Malumfashi da Kafur shi ne, kafin a sa ranar godiyar kaka ta bana, a keɓe Lahadi guda a yi wa'azi a kan tiya da ladan ƙwadago da bashin hatsi, a kira abubuwan da sunansu. Zumuntar mata, waɗanda su ke riƙe da awo da adashe a gidaje da yawa, a ba su wuri su yi magana a wannan rana.