Wane Launi Za Mu Shafa wa Ɗakunanmu?

Da damina ta wuce, bango ya bushe, gidaje da yawa sukan yi fenti kafin Kirsimati. Sau da yawa mukan zaɓi launi don mun gan shi a gidan maƙwabci, alhali kuwa kowane ɗaki da irin haskensa.

Launuka kashi biyu ne. Ja, rawaya da ruwan goro su ne masu ɗumi, kamar wuta. Shuɗi da kore su ne masu sanyi, suna kwantar da ido.

Ɗakin da tagarsa ke duban yamma yakan sha rana da la'asar. Jan fenti zai ƙara masa zafi a ido lokacin bazara, shuɗi mai haske ya fi dacewa da shi. Ɗaki mai duhu kuwa, ruwan madara zai haskaka shi. Amma mu sani, launin ciki ba ya rage zafin kwano, sai silin da iska.

Kuɗin fenti ba kaɗan ba ne. Kafin mu sayi galan, mu shafa kaɗan a bango, mu dube shi da safe, da yamma, da dare a hasken fitila. Sai an gwada akan san na ƙwarai.