Ko Ka San Kyamarar Wayarka Ba Ta Ganin Launi?

Bayan ɗan gilashin da ke bayan salularka akwai wani faranti da ake kira sensa, wanda a yawancin wayoyi bai wuce faɗin farce ba. A kansa an jera ɗigo-ɗigo masu jin haske. In aka ce kyamara tana da megafiksel 12, ana nufin ɗigo miliyan 12 ke nan. Kowane ɗigo kuwa abu ɗaya tak ya sani: yawan hasken da ya sauka a kansa. Bai san ja ba, bai san shuɗi ba.

To ina launi ke fitowa? Wani ma'aikacin kamfanin Kodak a Amurka, Bryce Bayer, shi ya samo dabarar, aka yi masa rajistarta a 1976. Ya sa an rufe kowane ɗigo da ƴar matata mai launi guda: rabinsu kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, sauran shuɗi. Kore ya samu kaso mafi tsoka ne saboda idon ɗan Adam ya fi jin sa. Ke nan in ka ɗauki gonar rake a fadamun Matamaye, ɗigon da ke ƙarƙashin ja bai ga koren ganyen ba sam. Ƴar kwamfutar cikin wayar ce ke duba maƙwabtansa ta ƙiyasta abin da ya rasa. Kashi biyu cikin uku na launin hotonka lissafi ne.

Shekara guda kafin nan, a 1975, Steven Sasson na wannan kamfanin ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset.

Ƙiyasin da wayar ke yi bai tsaya a launi ba, kuma nan ne sabon hannu ya fi shan wuya. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta nemi tsaka-tsaki. Ranar Sallah mutum ya sha farar shadda ya tsaya cikin ranar hantsi, sai na'urar ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske. Riga ta fito tas, fuska ta dushe, a ɗora wa wayar laifi. Maganin ba ya cin ko dala: ka dangwala yatsa a kan fuskar a allon wayar kafin ka danna, ko ka jawo mutumin bakin zaure, inda inuwa ke da haske. Da sassafe ko bayan la'asar kuwa rana da kanta take yi maka rabin aikin. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge gilashin, domin ƙurar da ke kansa ta isa ta sa hoto ya yi fari-fari.

Wannan ƙiyasin ne ya sa ban yarda da masu cewa gyaran hoto yaudara ne ba. Wayar ta riga ta yi nata gyaran tun kafin ka gani. Kai ƙarasawa kake yi. A manhaja kyauta irin Snapseed, ka miƙe hoton in ya karkace, ka yanke abin da bai da amfani a gefe, ka ɗaga hasken inuwa kaɗan har idanu su bayyana. Filtar nan da ke mayar da amarya jawur har gwaggonta ta kasa gane ta, wannan kam wani abu ne daban.

In za ka tura wa mai wankin hoto a Damagaram ko Daura, kada ka aika a matsayin hoto ta WhatsApp, don matse shi yake yi ya zubar da ɗigo masu yawa. Tura shi a matsayin fayil, sai ya isa yadda ka gyara shi.